Sharhi: Wa ke riƙe gidan ma'aikaciyar jinya idan tana bakin aiki? Duba daga unguwar Congo-Russia ta Jos

A ranar 30 ga Yuli, 2025, ma'aikatan jinya da ungozomomi na asibitocin gwamnati suka ajiye aiki a sassa da dama na ƙasar nan, a wani yajin gargaɗi na kwana bakwai da ƙungiyarsu ta ƙasa, NANNM, ta kira. Yajin bai cika kwanakinsa ba, domin a ranar 2 ga Agusta ƙungiyar ta janye shi bayan zama da jami'an gwamnati, cikinsu har da Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate. Buƙatun da aka gabatar sanannu ne: ƙarin alawus na aikin karɓa-karɓa, gyaran alawus na tufafin aiki, tsarin albashi na musamman ga ma'aikatan jinya, ɗaukar sababbin ma'aikata masu yawa, da kafa sashen harkokin jinya a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya.

Akwai wata tambaya da ba a cika jin ta a irin wannan teburin sulhu ba, duk da cewa tana ƙarƙashin kusan kowace buƙata da aka lissafa. Idan ma'aikaciyar jinya ta kwana a ɗakin marasa lafiya tana duba 'ya'yan wasu, wa ya kwana da nata? Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya kan halin da aikin jinya yake ciki, wanda ya fito a watan Mayun 2025, ya nuna cewa kashi 85 cikin 100 na ma'aikatan jinya miliyan 29.8 da ake da su a duniya mata ne. Da yawansu suna cikin shekarun haihuwa da raino. Duk wata manufa da aka tsara musu ba tare da lissafa gida da yara ba, rabin rayuwarsu kawai ta gani.

Unguwar Congo-Russia da ke Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa wuri ne da ya dace a tsaya a dubi wannan batu. Unguwa ce mai cunkoso a tsakiyar birnin, a cikin jerin tsofaffin unguwanni irin su Nasarawa Gwong, Gangare da Dilimi, inda ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu ke zaune, galibi a gidajen haya. Daga irin waɗannan unguwanni ake fita zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham da mutanen gari ke kira Jankwano, da asibitin OLA, da ɗimbin ƙananan asibitoci masu zaman kansu.

Aiki biyu a wuya ɗaya

Asibiti ba ya rufewa, don haka ake raba aikin jinya zuwa na safe, na rana da na dare, ana juyawa. Aikin dare shi ne mafi tsawo, yakan kai awa goma zuwa goma sha biyu, kuma akan jera shi kwanaki a jere kafin a ba da hutu. A takarda tsarin yana da kyau. Matsalar ita ce agogon asibiti da agogon gida ba sa tafiya tare.

Uwar da ke aikin safe takan tashi tun kafin asuba ta ɗora ruwan wanka, abin da ba a wasa da shi a sanyin Jos, musamman a watannin Disamba da Janairu. Ta haɗa karin kumallo, ta shirya 'yan makaranta, sannan ta fita neman abin hawa domin ta isa kafin a miƙa aiki. Wadda ke aikin rana kuwa ba ta gida a lokacin da yara ke dawowa daga makarantar boko, da lokacin tafiya Islamiyya ko taron yara a coci, da lokacin aikin gida da malamai ke bayarwa. Mai aikin dare takan dawo da hantsi a gajiye, amma barcin da ya kamata ta rama yakan tafi a wanki, cefane, neman ruwa da girkin rana. Da yamma ta sake saka fararen kaya.

Ƙarin nauyin shi ne abin da ba ya cikin jadawali. Idan wadda za ta karɓe ta ba ta iso ba, ƙa'idar aiki ba ta yarda ta bar marasa lafiya ta tafi ba. Idan aka kawo waɗanda suka yi haɗari ko mai naƙuda da ta galabaita daf da tashi, lokacin tashin ya wuce ke nan. A daidai wannan lokacin wata makarantar ta tashi, yaro yana tsaye a bakin ƙofa yana jira.

Abin da ya sa Jos ta fi tsanani

A al'adance, abin da ke ceton uwa mai aikin albashi a ƙasar Hausa da maƙwabtanta shi ne dangi da maƙwabta. Kaka tana nan, ƙanwar miji tana nan, maƙwabciya takan karɓi goyo ba tare da an yi ciniki ba. A Jos tarihin shekaru ashirin da 'yan kai ya raunana wannan gata.

A unguwar Congo-Russia ne rikicin ranar Juma'a, 7 ga Satumba, 2001 ya fara, kafin ya bazu cikin gari. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa mutum kusan 1,000 suka rasa rayukansu cikin kwanaki kaɗan. An sake samun rikici a Nuwamban 2008 bayan zaɓen ƙananan hukumomi, da kuma Janairun 2010. Abin da ya biyo baya shi ne sauya matsuguni. Iyalai da dama sun tashi daga unguwannin da suka girma a ciki zuwa inda suke ganin sun fi samun kwanciyar hankali, kuma birnin ya rabu sosai bisa addini. Wasu dangin sun bar jihar gaba ɗaya. Maƙwabciyar shekara ashirin da ake bar wa yara ta koma wani gefen gari, sabuwar da aka tarar kuma ba a saba ba.

Asibiti yana daga cikin wuraren da Musulmi da Kirista ke aiki kafaɗa da kafaɗa a kullum a Jos, kuma ma'aikaciyar jinya tana daga cikin mutanen da dole su ratsa unguwanni dabam-dabam, dare da rana, ko gari yana lafiya ko ba ya lafiya. A Agustan 2021, bayan kisan matafiya a hanyar Rukuba ranar 14 ga watan, gwamnatin Simon Lalong ta sanya dokar hana fita ta awa 24 a Jos ta Arewa. A irin wannan yanayi akan keɓe ma'aikatan lafiya daga dokar, amma keɓewar ba ta samar musu da abin hawa. Wadda dokar ta riska a asibiti tana iya kwana biyu a can ba ta ga 'ya'yanta ba, sai ta waya. Wadda ta riska a gida kuma sai ta zaɓa tsakanin barin yara cikin fargaba da barin abokan aikinta su ci gaba da aiki ba mai karɓar su.

Ko a lokacin zaman lafiya, zirga-zirga kanta nauyi ce. Tun da JUTH ya koma mazauninsa na dindindin a Lamingo, a gefen gari, tafiyar ma'aikatan da ke zaune a tsakiyar birni ta ƙaru. An hana acaɓa a Jos da Bukuru tun zamanin Gwamna Jonah Jang, don haka Keke da tasi aka dogara da su, kuma sukan yi wuya da sassafe da kuma bayan isha'i. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ninka kuɗin mota. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Yulin 2024 ya zo ne bayan farashin abinci da haya da kuɗin makaranta sun riga sun yi nisa. Ɗaukar mai raino, wanda a da ƙaramin ma'aikaci kan iya, yanzu ya fi ƙarfin mutane da yawa. Shi ya sa nauyin kan koma kan babbar 'ya a gida, yarinya 'yar shekara goma sha biyu ko sha uku da ita ma tana buƙatar kulawa, ko kuma wata yarinya da aka ɗauko daga ƙauye, wadda sau da yawa karatunta ne ke biyan kuɗin wannan tsari.

Waɗanda suka tafi da waɗanda suka rage

A Fabrairun 2024, Magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa na lokacin, Faruk Abubakar, ya bayyana cewa ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara uku, sama da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. A wannan watan ne hukumar ta fitar da sababbin sharuɗɗan tantance takardun masu neman aiki a waje, ciki har da sharaɗin yin aiki na shekara biyu bayan kammala karatu, abin da ya jawo zanga-zangar ma'aikatan jinya a Abuja da Legas. A Agustan 2024 Shugaba Bola Tinubu ya amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya. Nijeriya tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu fama da matsanancin ƙarancin ma'aikatan lafiya.

Akan tattauna wannan ƙaura ta fuskar albashi, amma tana da fuska biyu a cikin gida. Ta farko ita ce ta waɗanda suka rage. Duk ma'aikaciyar da ta tafi ba a maye gurbinta ba, kwanakin aikin darenta akan raba wa sauran. Hutun shekara yakan jinkirta, musayar duti tsakanin abokan aiki, wadda ita ce hanyar da iyaye mata ke bi su halarci taron iyaye a makaranta ko su kai yaro rigakafi, takan yi wuya saboda babu wanda za a yi musayar da shi. Waɗanda suka fi tafiya kuma su ne masu ƙwarewa da matasa marasa nauyi, don haka kaso mai yawa na waɗanda suka rage iyaye ne da iyali ya ɗaure.

Fuska ta biyu ita ce ta waɗanda suka tafi. Da yawa sukan fara tafiya su kaɗai zuwa Ingila, Amurka, Kanada ko Saudiyya, su bar yara wurin miji ko kakanni har sai sun zauna da gindinsu. Kuɗi yana zuwa gida, amma tarbiyya ta koma kiran bidiyo. A can ɗin ma kuɗin gidan raino yana da tsada, kuma babu kaka a kusa. Ƙaura takan sauya wa matsalar kama, ba lallai ta kawar da ita ba.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya bai wa mace mai ciki hutun mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida tana aiki, sannan rabin awa sau biyu a rana domin shayarwa. Sashe na 55 ya hana sanya mata aikin dare a masana'antu, amma ya keɓe ma'aikatan jinya daga wannan hani. Ke nan doka ta amince tun tuni cewa wannan rukuni na mata za su kwana a wurin aiki, sai dai ba ta ce komai ba game da inda jariransu za su kwana. Akwai ma wani giɓi: ma'anar "ma'aikaci" a dokar ta cire masu ayyukan ƙwararru, abin da ke barin ma'aikaciyar jinya a asibiti mai zaman kansa ta dogara da abin da takardar ɗaukarta aiki ta ƙunsa, idan akwai takardar.

A aikin Gwamnatin Tarayya abin ya fi sauƙi. A 2018 aka sanar da ƙara hutun haihuwa zuwa wata huɗu, a 2021 kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga maza idan matansu sun haihu. Wasu jihohi sun wuce nan: Legas ta ba da wata shida tun 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta sanya mako 14 a matsayin mafi ƙaranci.

Sakamakon shi ne mata uku da suka yi aji ɗaya a Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma ta Vom, suke zaune a layi ɗaya a Congo-Russia, suna iya samun haƙƙi iri uku: ɗaya a asibitin tarayya, ɗaya a na jiha ko ƙaramar hukuma, ɗaya a asibiti mai zaman kansa inda wani lokaci hutun haihuwa ke nufin hutu ba albashi.

A nan akwai abin dubawa. Ma'aikatan jinya da ungozomomi su ne ke tsayawa a gaban mata a ranar awo suna koya musu shayar da nono zalla na wata shida, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kacal na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke samun hakan a Nijeriya. Mai koyarwar kanta, idan ta koma aiki jaririnta yana wata uku ko huɗu, aka sa ta dutin dare, babu ɗakin shayarwa kuma babu firijin ajiye nono, da wuya ta cika abin da take koyarwa.

Abin da gajiya ke jawowa

A Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙosawa da aiki cikin kundinta na rarraba cututtuka a matsayin larurar da wurin aiki ke haifarwa. Alamominta uku ne: ƙarewar kuzari, jin nisa da aikin ko ƙyamarsa, da raguwar ƙwazo. Wanda ya taɓa jinya a asibitin gwamnati ya san ƙorafin da jama'a ke yi cewa nas-nas suna da faɗa da tsawa. Wulaƙanta mara lafiya ba shi da hujja, kuma hukumomin asibiti suna da haƙƙin hukunta shi. Amma alama ta biyu a jerin nan tana bayyana wani ɓangare na abin da ake gani. Wadda ta yi kwana uku ba ta yi barcin kirki ba, ta baro yaro da zazzaɓi a gida, tana riƙe da ɗaki cike da gadaje ita kaɗai, haƙurinta ya riga ya ƙare kafin ta buɗe baki.

Bincike ya nuna cewa abin ya wuce ɓacin rai. A 2002, Linda Aiken ta Jami'ar Pennsylvania da abokan aikinta sun wallafa nazarin da ya gano cewa duk ƙarin mara lafiya ɗaya a kan ma'aikaciyar jinya yana tafiya da ƙarin kashi 7 cikin 100 na yiwuwar mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30, da ƙarin kashi 23 cikin 100 na yiwuwar ita ma'aikaciyar ta ƙosa da aiki. Wani nazarin na 2004, wanda Ann Rogers ta jagoranta, ya nuna cewa haɗarin yin kuskure yakan ninka kusan sau uku idan aiki ya kai awa goma sha biyu da rabi ko fiye. A Amurka aka yi waɗannan nazarce-nazarce, a asibitocin da suka fi na nan yawan ma'aikata da kayan aiki. Jihar California ta mayar da batun doka, inda ta ƙayyade yawan marasa lafiyar da ma'aikaciya ɗaya za ta riƙe, dokar da ta fara aiki a 2004.

Akwai kuma fargabar kai cuta gida, wadda Jos ta san ta tun kafin sauran duniya. A farkon 1969 aka kawo wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, daga garin Lassa zuwa Jos da wani zazzaɓi da ba a san shi ba, ta rasu. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, ta rayu bayan an kai ta Amurka, kuma daga nan aka gano ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa. A 1970 likita Jeanette Troup ta rasu a Jos da wannan cuta. Har yau Filato tana cikin jihohin da cutar ke ɓulla a lokacin rani. Uwar da ta taɓa mai zazzaɓi da rana ba tare da isassun safar hannu ba, da yamma ɗanta zai rugo ya rungume ta a bakin ƙofa. Wannan tunani kaɗai nauyi ne da ba a biyan alawus a kansa.

Me ya sa batun ya shafi Arewa musamman

A yawancin garuruwan Arewa, mace ta fi sakin jiki da mace a ɗakin awo da ɗakin haihuwa, wasu mazan ma ba sa barin matansu zuwa asibitin da babu ma'aikaciya mace. Binciken 2018 ɗin da aka ambata ya ƙiyasta mutuwar mata 512 a cikin kowace haihuwa 100,000 a ƙasar. Rage wannan adadi yana buƙatar ƙarin mata a aikin jinya da ungozoma, kuma yana buƙatar waɗanda aka horar su zauna a aikin bayan sun yi aure sun haihu. Duk iyayen da suka ga yadda maƙwabciyarsu nas ke fama, da duk saurayin da ya ji ana cewa matar asibiti ba ta kwana a gida, suna yanke hukunci a kan 'yarsu ko amaryarsu da abin da suka gani.

An taɓa gwada magance wannan a Arewa. Shirin Women for Health, wanda gwamnatin Birtaniya ta tallafa daga 2012 zuwa 2020 a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, daga baya har da Borno, ya taimaka wa makarantun jinya da ungozoma su samar da wuraren raino da masaukin da ya dace da ɗalibai masu aure da goyo. Dalilin a fili yake: ba za a samu matan karkara su kammala karatun ba sai an yi wa jariransu wuri. Hujjar da ta yi aiki a makaranta ba ta ƙarewa ranar da aka ba da takardar shaida.

Maza ma suna cikin lissafin. Akwai maza da yawa a aikin jinya a Arewa, kuma su ma uba ne da aikin dare ke raba su da gida. Akwai kuma mazajen ma'aikatan jinya, waɗanda a gidaje da dama su ne ke yi wa yara wanka da kai su makaranta idan uwa tana duti. Inda miji ya ɗauki hakan a matsayin aikinsa, gidan yakan tsaya. Inda ya ɗauke shi abin kunya, ko dangi suka riƙa yi masa gori, matar ce ke biya, ko da lafiyarta ko da aikinta, wani lokacin da aurenta.

Hujjojin ɗaya ɓangaren

Shugabannin asibitoci suna da nasu uzurin, kuma ba na banza ba ne. Jadawali mai sassauci yana buƙatar isassun ma'aikata, su kuwa ba su da ikon ɗaukar aiki sai da amincewar hukumomin sama. Kasafin lafiya na tarayya ya daɗe yana ƙasa sosai da kashi 15 cikin 100 da shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja a 2001. Asibitin da ke fama da kuɗin dizal da wutar lantarki zai ga gidan raino a matsayin abin da zai iya jira.

Akwai kuma batun adalci tsakanin ma'aikata. Idan aka sauke wa masu goyo aikin dare, 'yan mata da maza da waɗanda Allah bai ba haihuwa ba su ne za su ɗauka, kuma su ma suna da iyaye tsofaffi da karatu da rayuwarsu. Sassaucin da ya dogara da alfarmar shugabar ɗaki yakan haifar da zargin son kai. Abin da wannan ke nunawa shi ne a rubuta ƙa'idar, a sa mata wa'adi, kowa ya san ta, kuma a biya wanda ya ɗauki ƙarin dare kuɗin da ya dace. A nan buƙatar ƙungiyar ta gyara alawus ɗin aikin karɓa-karɓa ta haɗu da buƙatar iyaye.

Abin da za a iya yi

Wasu gyare-gyaren ba sa buƙatar kasafi. Fitar da jadawalin aiki wata guda kafin lokaci yana bai wa uwa damar shirya wanda zai riƙe yara. Halatta musayar duti a rubuce, ƙayyade yawan darare a jere, da ɗage aikin dare ga mai shayarwa har jariri ya kai wata shida, duk suna hannun shugabannin sashen jinya.

Wasu suna buƙatar kuɗi kaɗan. Ɗaki ɗaya mai tsabta da kujera da firiji ya isa wurin shayarwa. Gidan raino a harabar asibiti yana da amfani ne idan yana buɗe a lokutan da asibitin ke aiki, domin wanda ke rufewa ƙarfe huɗu na yamma bai san da mai aikin rana da ta dare ba. Ma'aikata za su iya biyan wani kaso, ƙungiyoyinsu na adashi da na taimakon juna su shiga, asibiti ya ba da ɗaki da wuta da ruwa. Motar ma'aikata da za ta bi manyan hanyoyi irin su titin Bauchi da Terminus a lokutan canjin aiki za ta rage kuɗin mota da fargabar dare, kuma a ranar dokar hana fita ita ce za ta tabbatar an karɓi waɗanda suka kwana.

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta buɗe ƙofar ɗaukar damuwa a matsayin batun lafiya. Manyan asibitocin Jos suna da likitocin ƙwaƙwalwa da masu ba da shawara. Abin da ma'aikaci ke buƙata shi ne hanyar ganinsu a asirce, ba tare da labarin ya isa ɗakin da yake aiki ba.

Babban gyaran yana hannun gwamnatoci: maye gurbin waɗanda suka tafi ba tare da jinkiri ba, daidaita hutun haihuwa tsakanin tarayya da jiha da ƙananan hukumomi, da sanya mafi ƙarancin haƙƙin mai jego cikin sharuɗɗan ba asibiti mai zaman kansa lasisi. Gwamnatin Caleb Mutfwang a Filato tana da ikon yin na ƙarshen nan a jiharta ba tare da jiran Abuja ba. Ita ma ƙungiyar NANNM, idan ta koma teburin tattaunawa kan alƙawuran Agustan 2025, tana da damar sanya gidan raino da ɗakin shayarwa da motar dare a jerin buƙatunta, a rubuce, kusa da alawus.

Taken Ranar Ma'aikatan Jinya ta Duniya ta 12 ga Mayu, 2025 ya yi magana ne a kan cewa kula da ma'aikatan jinya yana ƙarfafa tattalin arziki. A Congo-Russia ma'aunin wannan magana mai sauƙi ne. Ana iya ganin sa da misalin ƙarfe bakwai na yamma, lokacin da mai dutin dare ke tsaye a bakin titi tana jiran Keke, ko ta san hannun da ta bar 'ya'yanta a ciki, da kuma ko gobe da safe za a zo a karɓe ta a kan lokaci.